Ranar da Aka Yabi Hannun Ciyaman

Duk wanda ya zauna a unguwar Maitumbi ta Minna a shekarun da wayar salula ta fara shiga aljihun talaka, in bai ga hannun Alhaji Zikrullahi Suleiman ba, to bai zauna ba, wucewa ya yi. Allah yana raba baiwa yadda ya so. Wani ya ba shi ilimi, wani murya, wani gonar doya. Alhaji kuwa yatsu goma aka ba shi, kuma a faɗi gaskiya bai yi butulci ba, domin bai bar ko ɗaya daga cikinsu tsirara ba.

Zobba ne a jere, wani kan wani, tun daga gindin yatsa har gaɓar tsakiya. Na azurfa, na tagulla, mai dutse, marar dutse, mai zane, mai murɗe-murɗe. In ya ɗaga hannu da hantsi, mai acaɓa da ke tahowa sai ya runtse ido ya rage gudu. In yana tafe, tun kafin a hango hularsa ake jin sa. Shi ya sa mutanen layi, saboda tsabar ƙauna, suka raɗa masa suna Alhaji Kacau-Kacau. A bayan idonsa ke nan. A gabansa Baba Ciyaman ne. Hatta dabbobin layin sun san girma. Akwai wata tsohuwar akuya da ke kwanciya a bakin ƙofarsa, da ta jiyo kacau-kacau sai ta miƙe ta ba shi hanya.

Ciyaman ɗin kuwa ba na wasa ba ne. Shi ne shugaban Ƙungiyar Masu Gidaje ta Layin Mangwaro, kada wani ya raina. A aljihunsa makullin rijiyar burtsatse yake. Shi ke faɗin gidan da za a ja wa famfo. In kaya sun yi wa taransifoma yawa, shi ke nuna ɓangaren da za a cire wa wuta ya koma fifita. A zafin Minna, wanda ke riƙe da ruwanka da fankarka ba ƙaramin mutum ba ne. Ya yi zango biyu a kan kujerar. Tsarin ƙungiya ya ce biyu ne iyaka, sai fa in taro ya ɗaga hannu ya ce a ƙara. Alhaji yana son a ƙara. A lokacin ko'ina a ƙasa maganar tazarce ake yi, shi kuma bai ga dalilin da zai sa Layin Mangwaro ya zama koma-baya ba.

A da ma'aikacin gwamnati ne. Ya shiga yana akawu, ya yi ta hawa a hankali kamar mai hawan tsani da buhu a ka, har ya kai mataimakin mataimakin darakta, a nan ritaya ta cim masa. Yakan ce kujerar darakta ba sau ɗaya ba aka kawo masa har ofis, shi ne ya ce a ba yara. Mutane sukan gyaɗa kai, don suna son ruwa.

To, abin da gwamnati ta hana shi sai ya kafa a hannunsa. Kowane yatsa ma'aikata ce, kowane zobe ma'aikaci. Da safe yakan zauna a kan darduma a tsakar gida, ya juye su a faranti, ya goge kowa da toka da lemon tsami da wani tsohon buroshin haƙori, sannan a shiga rabon muƙamai. Wanda ya yi ƙyalli jiya a ƙara masa girma, ya koma manuniya. Wanda ya dushe a tura shi ɗan autan yatsa na hagu, can ƙauye. Matarsa, Hajiya Muniratu, tana tsaye da koko da ƙosai har su huce.

"Hajiya, ke ba ki yi aikin gwamnati ba, shi ya sa kike ganin wasa ne," in ji shi. "Mai kauri a ƙasa yake zama, siriri a sama. Ba a haɗa jan dutse da kore a yatsa guda, ofis zai rikice. Azurfa kuma ba ta zama kusa da azurfa, sai an raba su da tagulla, in ba haka ba su haɗa kai. Wannan ilimi ne. Akwai waɗanda suka je har jami'a ba su same shi ba."

Hajiya takan ce, "Allah ya ƙara basira," ta mayar da kokon kan wuta.

A dogon yatsan dama kuwa, can a gindi, inda ba a taɓa yi wa canjin wurin aiki, nan Darakta yake zaune. Wani ƙaton zobe ne mai jan dutse kamar fitilar bayan babur. Shi kaɗai ne Alhaji ya zaɓa da idonsa, ya saya da kansa. Yakan ce daga Dubai aka zo da shi. Mai tallan agogo da tabarau a tashar motar Kpakungu yana da wasu irinsa cike da kwali, wataƙila shi ma can ya je.

Girma dai ba ya zuwa ba wahala. Yatsun Alhaji sun daina lanƙwasuwa. Sakwara da cokali yake ci, ya ce wayewa ce. Wayarsa sai ya ɗora ta a tafin hannu kamar mai miƙa goro, Hajiya ta danna masa. A masallaci sai ya tuɓe ma'aikatan nan duka ya zuba a hula kafin ya yi alwala, sannan ya mayar da kowa mazauninsa bisa tsari. Saboda haka ba a taɓa ganinsa a sahun gaba ba. Ya ce tawali'u ne.

Mai karatu zai so ya san inda sauran zobban suka fito. Kada a ce saya yake yi, babban mutum ba ya tsayawa ciniki. Kada kuma a ce roƙo yake yi, Allah ya kiyaye. Yabo yake yi.

Akwai wata tsohuwar ɗabi'a ta mutanen kirki. In babba ya ga abu a jikinka ya yaba, sai ka ce masa, naka ne. Magana ce ta girmamawa. Kai ka ce naka ne, shi ya ce a'a, Allah ya sa albarka, kowa ya tafi da mutuncinsa da kayansa. Alhaji ya riƙe rabin farko na wannan ɗabi'a da kyau ƙwarai. Rabi na biyun ne har ya yi ritaya bai iso teburinsa ba.

Mamudu mahauci ya dawo daga aikin Hajji da ɗan zoben azurfa, ya zo gaida Ciyaman, ya kuma ɗan taɓo maganar firijinsa da ke yawan rasa wuta. Alhaji ya kama hannunsa bai saki ba. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, kamar mai duba cinyar rago.

"Alhaji Mamudu, wannan ai ba zobe ba ne, haske ne. Kai, ya yi kyau. Ya shiga raina."

"Naka ne, ranka ya daɗe."

Mamudu ya tsaya yana jiran a'a. Har yau bai ji ta ba. Abin da ya ji shi ne yatsansa ya yi sakayau, firijinsa kuma ya yi sanyi.

Haka aka yi da Ndagi tela, wanda kawunsa ya ƙera masa na tagulla a Bida. Haka aka yi da Sa'adiya mai masa, wadda nata bai ma shiga ko'ina ba sai a kan farcen ɗan auta, amma aka ba shi aikin masinja. Har ya zama in mutanen layi za su je wurin Ciyaman, wanda ya tuna yakan tsaya a bakin ƙofa, kusa da akuya, ya zare zobensa ya jefa a aljihu. Wanda ya manta, shi ke nan, ya ba gwamnati ma'aikaci.

Malam Andrawus Yona yana cikin waɗanda suka manta. Malamin firamare ne, mutum mai sanyi, ya gina ɗakuna biyu a ƙarshen layi, ya zo neman a ja masa famfo. A yatsansa na hagu akwai ɗan siririn zobe, ba dutse ba zane, sai wata 'yar lotsawa a gefe. Alhaji kuwa ya daɗe yana neman siriri da zai rufe saman ɗan autan dama. Ya kama hannu, ya yaba.

Malam Andrawus ya dubi yatsansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan na aure ne."

"Madalla," in ji Alhaji. "Ashe ma mai albarka ne. Ni ma ai ina da aure."

Famfo ya zo. Zobe ya tafi. A gida Malam Andrawus ya gaya wa matarsa Esta, wadda layi ke kira Maman Joy, cewa zoben ya matse shi, ya kai wa maƙeri ya buɗa. Maƙerin nan kuwa ya sha wahala a bakin Malam. Ya yi tafiya, ya dawo ba lafiya, ya warke aka yi masa rasuwa, daga nan shagonsa ya tashi. Maman Joy tana ji, tana ta yi wa mutane markaɗe a injinta. Sai dai auren 'yarsu Joy ya matso, kuma ba ta da niyyar tsayawa a gaban coci da zobe a hannu, mijinta yana gefe da yatsa fayau kamar gwauro.

Wata rana Alhaji ya tsaya a rumfar injin, ya zo yi mata gargaɗi a kan ƙara. Ya ɗaga hannu yana nuna inji, yana nuna sama, yana nuna tsarin ƙungiya. Ya lura matar ba bakinsa take kallo ba. Idonta yana kan ɗan autan damansa, duk inda ya yi sai ya bi. Ta ga siriri, ta ga lotsawar da ƙofar motar haya ta yi masa tun suna amare. Alhaji ya ji daɗi har cikin ransa. Ya koma gida ya ce wa Hajiya, matan layin nan sun fara gane tsari.

Mutum ɗaya ne ya taɓa ɓata masa rai, shi ne Ndakotsu, tsohon direban jirgin ƙasa, mai magana ɗaya-ɗaya kamar ana sayar masa da ita. Yana da wani zoben azurfa da ya gada. Alhaji ya kama hannunsa a wurin wani suna, a gaban jama'a, ya yaba, ya ƙara yabawa. Ndakotsu ya dubi zoben, ya ce, "Na gode, Alhaji. Ni ma ina son sa." Ya zare hannunsa ya sa a aljihu. Ɓangarensu ya yi fifita har damina ta sauka. Kuma wannan Ndakotsun ne wasu marasa godiya suka tsayar ya nemi kujerar.

Aka sa taro ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin da masu coci sun dawo, masu masallaci sun idar, a wani aji na makarantar firamare. Tun da safe Alhaji ya yi babban garambawul. Ya sauke wasu, ya ɗaga wasu, ya goge Darakta har sai da ya ga hancinsa a ciki. Ya sa babbar riga ruwan madara don hannu ya fito. Da ya isa, ya zauna a teburin malami, ya shimfiɗa hannuwan nan biyu a kai kamar mai baje haja, ya bar jama'a suka ƙoshi da kallo. Manya suka matsu a kan bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Mata suka cika baya. Liman, wanda aka ɗora wa duba hannuwa in an zo zaɓe, ya zauna a gefen allo.

Alhaji ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya kaɗa hannu don a yi shiru. Da ma shiru ake.

"Jama'ar Layin Mangwaro, ni ba mai son mulki ba ne. Mulki ne yake bi na, tun ina gwamnati. Na so in huta, amma na duba hagu, na duba dama, na ce wa zan bar wa marayun nan? Shugabanci ba a baki yake ba, a hannu yake. Ku dubi hannun nan. Kowane zobe da kuke gani, ƙauna ce ta wani bawan Allah. Ban taɓa roƙon kowa ba. Yabawa na yi, masu asali suka ce naka ne. Haka muka taras da iyayenmu. Mutum mai asali, in an yaba abin hannunsa, cirewa yake yi nan take, ko da shi ke nan gare shi. Amma akwai wani a ɗakin nan, ba zan kama suna ba, ya san kansa, yana zaune kusa da taga. An yaba abin hannunsa a gaban mutane, ya tura a aljihu. To ina tambayarku, wanda ya kasa sakin zobe, zai sakar muku ruwa? Ni na faɗa, a rubuta: duk wanda aka yabi abinsa ya riƙe, bai cancanci ya riƙe makullin ko da akurkin kaji ba."

Ya zauna, kacau. Ndakotsu yana kusa da taga yana kallon wani ƙadangare.

Sai aka ga hannu daga baya. Maman Joy ce, da ɗaurin ɗankwalinta na coci.

"Baba Ciyaman, a ba ni dama."

"Maman Joy, a mulkina mata ma suna da baki. Faɗi ƙorafinki."

"Ba ƙorafi ba ne, Baba. Yabo ne." Ta ratso tsakanin bencina har gaban tebur. "Tun ranar da ka zo rumfata idona yake kan ɗan siririn nan na ƙaramin yatsanka. Kai, ya yi kyau. Ya shiga raina. Ban taɓa ganin irinsa ba, in ba wannan ba."

Ta ɗaga hannunta na hagu ta ajiye kusa da nasa. Zobba biyu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Sa'adiya mai masa ta leƙo daga baya, ta ce, "Maman Joy, ashe kin sake miji ba ki gayyace mu ba? Da ko masa na kawo."

Aji ya ɗauki dariya. Malam Andrawus ya kafa wa allo ido, kamar yau ya fara ganin baƙaƙen da shi ya rubuta ranar Juma'a. Liman ya sunkuyar da kai yana gyara carbi, kafaɗarsa tana rawa.

Alhaji mutum ne mai lissafi, ya yi shi a tsaye. In ya riƙe, ya zama mutumin da ya gama siffantawa yanzun nan, kuma shi da bakinsa ya ce a rubuta. In ya saki, saman ɗan auta zai zauna ba murfi. Ya dubi siriri, ya dubi aljihun da makulli yake. Ya ga ai ƙaramin ma'aikaci ne, ana iya sallamarsa don a ceci gwamnati. Ya murɗa, ya ja, ya ɗaga shi sama yadda na baya za su gani.

"Naki ne."

Tafi ya tashi. Ba irin tafin da ya saba ji ba, na mutanen da ke son ruwa. Wannan har da buga benci, har da guɗa. Maman Joy ta durƙusa ta karɓa, ta wuce kai tsaye wurin mijinta, ta kama hannunsa ta zura masa, ta ce, "Baban Joy, maƙerin ya gama." Aka sake kwashewa da dariya.

To a nan ne Alhaji ya ji wani abu da bai taɓa ji ba tun da yake. Tafin ya shiga kansa kamar hayaƙin turare. Ya ce a ransa, ashe haka bayarwa take? Zobe ɗaya, aji guda ya tashi. Ya dubi mutumin taga, ya ga ai an gama da shi. Ya buɗe hannuwa biyu, ya juya su a hasken yamma.

"Kun gani? Haka masu asali suke yi. Akwai wani mai yabo? Kada kowa ya ji kunya. Ƙofata a buɗe take."

Ba a taɓa sanin Layin Mangwaro yana da masu ido haka ba. Mamudu mahauci ya riga kowa. Ya kama hannun Ciyaman, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce wancan na azurfar ba zobe ba ne, haske ne. Naka ne. Tafi. Ndagi tela ya ce shi tun yana yaro yake sha'awar aikin Bida, musamman wancan na biyu daga ƙasa. Naka ne. Tafi. Sa'adiya ta yabi masinja. Mai kemis ya yaba, mai faci ya yaba, wani tsoho da ya daɗe ba ya gani sosai ya lalubo nasa da hannu, ya ce ko a duhu wannan ya yi kyau. Layi ya miƙe har bakin ƙofa, kowa da ladabinsa, kowa ya san yatsan da zai dosa. Wani abin mamaki, ba a samu mutum biyu sun yabi zobe ɗaya ba.

Alhaji yana cirewa yana murmushi, yana ƙirga ƙuri'a a zuci. Waɗanda suka daɗe a ofis suka ƙi tashi, kamar yadda aka san manyan ma'aikata. Sai da Sa'adiya ta miƙo ɗan man gyaɗa a murfin kwalba aka shafa, suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Gumi ya jiƙa wuyan babbar riga. Wajen tsakiyar aiki murmushin ya fara yin nauyi, amma wanda ya ce a rubuta ba ya cewa a goge.

Can ƙarshen layi sai ga Hajiya Muniratu, da mayafinta, a natse.

"Hajiya, ke kuma fa?"

"Ni ma na yaba, Alhaji. Waɗancan biyun na hagu. Tun suna cikin kayan lefena nake yaba su, ka riga ni faɗi ne."

Mata suka yi guɗa. Alhaji ya cire, bai ce naki ne da ƙarfi ba.

Da layi ya ƙare, ya dubi abin da ya rage. Yatsu ne dai goma, ba wanda ya ɓata, sai dai shi kansa bai gane su ba. Gindinsu ya tsuke, ya yi fari-fari, ga zobe-zoben kore da tagulla ta bari, gaɓa-gaɓa kamar rake. Suna lanƙwasuwa kuma, abin da ya ba shi tsoro. A dogon yatsan dama kaɗai Darakta yake zaune, shi ɗaya, da jan dutsensa.

Alhaji ya ce a ransa, ai dole, babba ake bari ƙarshe. Suna jin nauyinsa ne. Ya ɗaga hannu ya juya Darakta wajen taga don rana ta kama shi. Ya kai shi dama, ya kai shi hagu. Ya ɗan yi tari.

"Saura ɗaya. Na Dubai. Na san kuna jin kunya."

Ndagi ya dubi silin. Mamudu ya shiga goge nasa da bakin riga. Mata suka ga ashe ɗaurin ɗankwalinsu yana bukatar gyara. Aka yi shiru irin wanda ake yi in an kawo miyar da ta kwana, mai gida kuma yana cewa a ci, a ci.

Liman ya ce, tun da rana tana yin ƙasa, a yi abin da ya tara mutane. "Masu son Alhaji Zikrullahi ya zarce, su ɗaga hannu."

Alhaji ya ɗaga nasa, ya lumshe ido don kada yawan hannuwa ya sa shi alfahari. Da ya buɗe, ya ga Liman yana leƙe-leƙe, yana neman na biyu. Ya waiwaya wajen Hajiya. Hajiya tana fama da gwada zobe a yatsa, hannunta biyu duk a cikin aiki.

"Masu son Ndakotsu."

Aji ya yi haske. Hannuwa suka tashi daga gaba har baya, rana ta shigo ta taga ta bi su ɗaya-ɗaya. Alhaji ya san kowa a cikinsu. Ga babban akawunsa a hannun mahauci. Ga mai binciken kuɗinsa a hannun tela. Ga masinja, ga sakatare, ga wanda ya ƙara wa girma yau da safe da hannunsa. Shekara da shekaru yana goge su da toka da lemon tsami, yau ga su sun yi ƙyalli a gwamnatin wani.

Babban mutum dai babban mutum ne, ko a ƙasa yake ba ya rasa dabara. Kafin ya zaro makulli daga aljihu, Alhaji ya riga ya shirya wata. In sabon ciyaman ya yabi Darakta, shi kuma ya cire ya zura masa a gaban jama'a, to ya zama shi ya naɗa shi. Daga yau sai a ce uban ƙungiya. Kujera ta tafi, amma inuwarta ta dawo gida.

Ya miƙa makullin da hannun dama, a hankali, ya karkato dogon yatsa har jan dutsen ya kusa taɓa hancin Ndakotsu. Ya riƙe makullin bai saki ba.

"Ndakotsu, ɗan'uwana, komai ya wuce. Kowa ya yi yabo yau, kai kaɗai ba ka ce komai ba. Duba da kyau."

Ndakotsu ya duba da kyau. Mutum ne mai haƙuri, ya saba jiran jirgi. Ya dubi dutsen, ya dubi koren da ke leƙowa ta ƙarƙashinsa, ya zare makullin a hankali ya sa a aljihun nan nasa.

"Wannan kam naka ne, Alhaji. Allah ya bar ku tare."

Alhaji ya taka zuwa gida shi da Darakta, yana kaɗa hannu kamar yadda ya saba. A bakin ƙofa ya taras da tsohuwar akuya a kwance tana tuƙa. Ya kaɗa hannu. Ya sake kaɗawa. Akuya ta ɗago kai ta dube shi, ba ta ji komai ba, ta ci gaba da tuƙarta.

Sai ya tattare babbar riga ya zagaya ta gefe.